Wasiƙar Da Na Tilasta Wa Falmata Sa Hannu

Ku 'ya'yana, wannan shi ne wurin da na daɗe ina kewayewa. Na ba ku labarin tasowata, da yadda na koyi wankin hula a Hausari, da yadda na auri uwarku muka tare a Dala. Duk waɗannan ba su da wuyar faɗa. Yanzu na iso shekarar da aka kori yayarku Falmata daga jami'a. Ku ƙanana kun tashi kuna jin ana cewa an kama ta da satar amsa. Wasunku sun yi dambe a kan maganar, wasunku sun sunkuyar da kai sun wuce. Babu wanda ya taɓa tambayata, ni kuma na ji daɗin rashin tambayar. To yau ku saurara, kuma kada wani ya gyara mini magana.

Falmata tana shekarar ƙarshe a lokacin. Karatun gwajin jini da fitsari take yi, irin na asibiti. Sunan karatun da Turanci har yau bakina bai iya shi ba, ni da na tsaya a aji huɗu na firamare. Ita ce mace ta farko a zuriyarmu da ta taka jami'a. Da safe muke fita tare, ni in nufi rumfata in jera huluna a kan katako, ita ta tsaya bakin titi da farar rigarta a ninke cikin leda tana jiran keken haya mai ƙafa uku. Masu kawo mini wanki har tsokanata suke yi, wai Modu baban likita. Ina cewa ba likita ba ce, amma a raina ban ƙi su ci gaba da faɗa ba.

Ranar da abin ya faru ta dawo kafin la'asar, ba ta ko cire takalmi ba ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce suna cikin jarrabawa, su uku a benci ɗaya, sai mai tsaron jarrabawa ya duƙa ya tsinci wata 'yar takarda a ƙasa, an cika ta da ƙananan rubutu, amsoshi ne. Takardar ba a hannun kowa take ba. A ƙasa take, tsakanin ƙafafuwa shida. Ya tashe su duka ukun: ita, da Saratu 'yar maƙwabcinmu Malam Bitrus, da wani saurayi da ban taɓa sanin sunansa ba. Aka ba kowa fom ya cika. Falmata ta rubuta cewa ba ta san takardar ba. Aka ce su jira kiran kwamitin ladabtarwa.

"Baba, ba rubutuna ba ne," in ji ta. "Su ɗauko takardar amsata su ajiye kusa da ita, makaho ma zai ga bambanci. Abin da zan ce musu ke nan."

Na yarda da ita. Wannan ku riƙe shi da kyau, domin shi ne ya sa laifina ya fi nauyi. Ko sau ɗaya ban yi zaton ta yi ba. Yarinyar da idan ta tsinci allura a tsakar gida sai ta bi ɗaki-ɗaki tana cigiya.

Amma ni ɗan garin nan ne, kuma ga yadda aka raine mu. Idan ƙaramin mutum ya sami matsala da babba, ba a zuwa da gardama. Ana tara dattawa a je a durƙusa a ce mu ne da laifi, a yi mana afuwa. Kowa ya san ba amsa laifi ake yi ba. Girmansa kake ba shi, shi kuma ya ba ka buƙatarka. Akwai shekarar da motar wani attajiri ta kwashe mini rumfa, huluna suka watse cikin kwata. Ni na je gidansa na ba shi haƙuri, wai na kafa rumfa kusa da hanya. Washegari ya aiko kafinta. Da na je da faɗa, da har yau ina zaryar ofishin 'yan sanda. Haka na ga ubana yana yi, haka Bulaman unguwarmu yake raba rigima, kuma ban taɓa ganin dabarar ta ƙi ci ba.

Sai na tafi wurin Baba Goni, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babbanmu a lokacin. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Modu, yarinya mace za ta tsaya gaban farfesoshi ta ce musu ƙarya suke yi? Wa ya yi mata tarbiyya? Gobe ka zo mu je. Ni zan yi magana."

Da yamma Malam Bitrus ya leƙo. Mutumin Biu ne, ya yi shekaru yana aikin akawu a ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi ma 'yarsa na cikin maganar. Ya ji abin da muke shirin yi, ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Malam Modu, don Allah kada ka je. Can ba fadar Bulama ba ce. Ni na yi aikin fayil. Duk abin da ka faɗa, rubutawa za su yi, kuma takarda ba ta san kunya ba."

"To kai me za ka yi wa taka?"

"Ba komai. Na ce mata ta tsaya a kan abin da ta sani, ko sau goma suka tambaye ta."

Na yi masa godiya. A zuciyata na ce wannan boko ya cinye shi, bai san yadda ake bi da manya ba. Kun ji irin wautar ubanku.

Washegari muka tafi, ni da Baba Goni da limamin masallacinmu. Na wanke wa kowannenmu hula na sa mata sitaci har tana ƙyalli. Muka yi ta yawo daga wannan gini zuwa wancan, kowa na nuna mana gaba, tsoho yana ɗingishi, har muka sami ofishin shugaban kwamitin, wani farfesa. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, ɗalibai na wucewa suna dariya ƙasa-ƙasa. Sakatariyarsa ta ce ba ya ganin iyaye. Baba Goni ya ce to za mu zauna. Muka zauna a ƙasa a baranda har azahar. Da mutumin ya fito ya ga tsoho a ƙasa, sai ya rusuna ya ce wushe, suka gaisa da Barbarci tsaf, har ya tambayi Baba Goni wace unguwa, ya ce ai kakarsa ma a can take. Raina ya yi sanyi. Na ce Allah ya haɗa mu da ɗan gida.

Baba Goni ya yi abin da ya zo yi.

"Ranka ya daɗe, 'yarmu ce. Yaro ba ya rasa kuskure. Mu ne da laifi, mu muka gaza. A dube mu, a rufa mana asiri."

Farfesan ya ce, "Baba, ku tashi, bai kamata ku zauna a ƙasa ba. Amma maganar baki ba ta shiga fayil. Abin da kuke so kwamiti ya gani, a kawo shi a rubuce, da sa hannun ɗalibar."

A nan fushina yake, kuma ba zai huce ba sai an binne ni. Mutumin nan ya sha nonon garin nan. Ya san abin da tsoho yake nufi idan ya ce mu ne da laifi. Na tabbata shi ma an taɓa durƙusawa a nema masa afuwa da irin waɗannan kalmomi. Kuma ya san abin da wasiƙar za ta zama idan ta shiga fayil. Abu biyu ya sani, mu ɗaya muka sani. Kalma guda ta ishe shi: Baba, kada ku rubuta. Bai faɗa ba. Ya gyara babbar rigarsa ya shiga mota.

A bakin ƙofar makarantar akwai shagunan masu buga takardu. Muka shiga ɗaya, na fara bayani, mai shagon ya katse ni.

"Wasiƙar ban haƙuri ko? Ai kullum ina yin ta. Tana nan a kwamfuta, suna kawai zan canja."

Ya canja suna ya miƙo mini. Turanci ne sama da ƙasa, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na ninke ta na sa a aljihu kamar na samo magani.

Na tarar da Falmata tana tsince shinkafa a tsakar gida, uwarku na gefe. Na ba ta takardar da biro. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta ɗago kai.

"Baba, ka san abin da aka rubuta a nan?"

"Ban haƙuri ne."

"An ce na yi nadamar abin da na aikata. An ce sharrin Shaiɗan ne, ba zan ƙara ba. Me na aikata, Baba?"

"Ke, magana ce kawai. Haka ake yi. Su ma sun san haka ake yi."

"Ba su sani ba. Ko sun sani ba ruwansu. Idan na sa hannu na gama kaina."

Uwarku, wadda ba ta saba sa baki idan ina magana ba, ta ce, "Malam, ka saurare ta mana. Ita ce ke cikin makarantar, ita ta san halinsu."

Wannan ya ƙara tunzura ni. Na tuna tsoho da ɗingishinsa, da zaman da ya yi a ƙasa saboda ita, da liman da ya bar harkokinsa. In koma in ce musu yarinya ta ƙi? Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Sai na faɗi maganar da uba bai kamata ya faɗa ba sai a kan saɓon Allah.

"Falmata, idan ni na haife ki, ki sa hannu. Idan kin ƙi, ban yafe miki ba, duniya da lahira."

Ta dube ni, ba kuka, ba komai. Ta goge hannunta a zane, ta ɗora takardar a bayan faranti, ta sa hannu. Ta miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda na koya mata tun tana ƙarama. Ni da ƙafata na kai wa sakatariyar, ta buga hatimi, na dawo ina jin na yi aikin uba.

Ranar zaman kwamiti ba a barin iyaye su shiga. Ba uba, ba lauya, ba wani malami da zai tsaya kusa da yaro. Ɗalibi shi kaɗai, manya bakwai a bayan tebur. Ni da Malam Bitrus muka zauna a kan dakali a waje. Saratu ce ta fara shiga, ta daɗe sosai, ta fito idanunta jajur. Ta ce sun juya ta ta kowace fuska, ta ce ba ita ba ce, a gwada rubutu. Saurayin ma ya daɗe. Da aka kira Falmata, wallahi ban gama gyara zama ba ta fito. Wanke hula ɗaya ya fi zamanta a ɗakin nan daɗewa.

A keke muna komawa na tambaye ta me suka ce.

"Sun ɗaga wasiƙar suka ce wannan sa hannunki ne? Na ce e, amma. Suka ce ya isa."

"Ba su gwada rubutun ba?"

"Don me za su gwada, Baba?"

Bayan makonni aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Mu ba wanda ya aiko mana. Saratu ce ta gani, ta shigo gidanmu tana kuka kamar ita aka kora. An wanke Saratu, an wanke saurayin, wai babu hujja a kansu. Falmata kuwa an kore ta kwata-kwata, saboda ta amsa laifinta a rubuce. Shekara biyar, saura wata biyu.

Na koma ofishin nan ni kaɗai, ban tuɓe takalmi ba, ban jira sakatariya ba. Na tura ƙofa na same shi yana shan shayi.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce mu rubuta."

"Na ce abin da kuke so kwamiti ya gani. Ni ban zaɓa muku kalmomi ba."

"Ka san ban haƙuri muka zo yi. Ka san ba ita ba ce."

"Malam, ni ban san komai ba sai abin da ke cikin fayil. An sami takarda, mutum uku, ɗaya ta ce ita ce. Me kake so mu yi?"

"Ku gwada rubutu! Takardar tana hannunku, amsarta tana hannunku. Ni da ban yi boko ba, idan aka kawo mini hula biyu ina gane ɗinkin hannu ɗaya ne ko ba ɗaya ba. Ku bakwai da digirorinku kun kasa ajiye takarda biyu ku duba?"

Ya ce in rage murya, nan jami'a ce. Ya ce akwai dokoki, an ba kowane ɗalibi littafinsu tun shekarar farko. Ya ce idan ban gamsu ba akwai ɗaukaka ƙara. Sannan ya danna ƙararrawa, masu gadi biyu suka raka ni har bakin titi.

Malam Bitrus bai ce mini ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya sa tabarau ya zauna ya rubuta mana takardar ɗaukaka ƙara da hannunsa, ya bayyana cewa ni na tilasta mata, na dangwala yatsa a ƙasa. Muka kai. Aka dawo mana da ita wai lokaci ya wuce. Ashe kwanakin da aka ba mu suna farawa ne daga ranar da aka rubuta takardar kora, ita kuwa takardar tana kwance a durowar wani ofis, ba a ba mu ita ba sai da muka je nema. Su suka riƙe ta, mu muka makara. Na yi zarya wata uku. Yau ba ya nan, gobe ana taro, jibi fayil ya tafi sama. Ban taɓa gano inda saman nan yake ba.

Kada ku ɗauka ina cewa a bar masu satar amsa. Wanda zai gwada jinin mutane bai kamata ya zama ɓarawo ba, a kore shi, ni ma zan taya su rufe ƙofa. Amma abin da na gani ba neman gaskiya ba ne. Suna da fayil a buɗe, suna so su rufe shi, ga wata ta kawo kanta, shi ke nan. Wanda ya rubuta takardar satar amsar nan yana nan wani wuri da farar riga. Wanda ya iya taurin kai ya tsira, wadda aka koya wa biyayya ita aka yanka. Kuma a cikin katafaren wurin nan, mai gine-gine kamar gari, babu mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya zaunar da yaro da ubansa ya ce ga yadda abin yake, ga abin da za ku yi, ga abin da ba za ku yi ba. Suna karɓar 'ya'yan masu wankin hula, amma shari'arsu an yi ta ne don 'ya'yan waɗanda suka san hanya.

Da na kai wa Baba Goni labari, ya ce Allah bai nufa ba, mace ce, aure zai rufa mata asiri. Allah ya jiƙansa, ya rasu, ba zan zage shi ba. Amma ranar na tashi ban yi masa sallama ba. Ba Allah ne ya riƙe biron nan ba.

Falmata ta tattara littattafanta ta ba Saratu. Ba ta ƙara ambaton jami'a ba. Bayan shekara biyu ta yi aure, mijin da ta zaɓa da kanta, suka tare a Jiddari Polo, tana koyar da yara a wata ƙaramar makaranta. Kun san ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Tana zuwa gaisuwa, tana aiko tuwon sallah, da na kwanta ciwo ita ta fi kowa zama. Amma tun daga ranar ba ta ƙara neman shawarata a kan komai ba. Ko sunan ɗanta na fari a bakin mijinta na ji. Ta ba ni duk abin da ake ba uba, ta riƙe wannan guda ɗaya, kuma tana da gaskiya.

Bara, wata Asabar da hantsi, na rufe rumfa na hau keke zuwa gidanta. Shekaru ina shirya maganar. Na same ta tana shanya, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ta zauna.

"Falmata, na zo ne a kan maganar makaranta. Ni ne da laifi. Ni na gaza. Ki dube ni, ki yafe mini."

Ta kalli tabarma. Can ta ɗago.

"Baba, wannan na gaske ne, ko irin wanda ake yi ne?"

Ba da gatse ta tambaya ba. So take ta sani. Na buɗe baki in rantse mata, sai na ji kalmomin da ke bakina duk su ne waɗanda muka faɗa a barandar nan, ba ƙari ba ragi. Shekara hamsin ina faɗarsu ga mutanen da ban yi wa komai ba. Ranar da na zo faɗa wa wadda na cuta, ban da wasu.

Na ce, "Ban san yadda zan nuna miki ba."

Ta ce, "To ka faɗa wa ƙannena. Ba ni ba, ni na sani. Su ka faɗa wa, kuma ka rubuta, ka sa hannu. Tunda takarda ake yarda da ita."

Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban ƙara roƙo ba. Na sha ruwan na tashi. A hanya na tsaya na sayi wannan littafin da biro.

Ni ne Modu, ubanku, mai wankin hula. Yayarku ba ta saci amsa ba. Ni na sa ta ce ta yi. Babu wanda ya tilasta mini rubuta wannan, kuma na san abin da ke cikinsa.